Ragon Ummi

Bana tsadar abinci ta sa ni noma a buhu. Na jera tsofaffin buhunan siminti a bayan ɗakin girki, nan gidanmu na Babban Giji, na cika su da ƙasa da takin awaki, na dasa yaɗon dankali. Da ruwa ya zauna sai ganye ya rufe rabin katangar, har maƙwabta suna aikowa neman iri. Ran Asabar ɗin da ta wuce, bayan an ɗauke ruwan safe, babbar ’yata Amira ta fita shanya sai na ji ta ƙwalla ƙara. Kafin in lalubo takalmi har ta dawo a guje, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta faɗa falo wajen ubanta.

"Abba, taso ka ga wata ƙatuwar tsutsa mai ƙaho."

Shi kuwa ya ajiye waya ya miƙe yana dariya. "Amira ke nan. Amira sarkin tsoro." Ta kama hannunsa tana ja. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, uba da ’yar farinsa, sun haɗa kai a kan ganye ɗaya. Allah na tuba, ’yar cikina ce, amma sai da na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Na kuwa gane shi. Tun daminar da soja suka miƙa wa farar hula mulki nake fama da shi.

A lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki biyu, muna raba tsakar gida da Maman Ngozi mai sayar da manja da garin kwaki. Mu huɗu ne: Baba, Inna, ni, sai ƙanwata Ummi. Ni ina farkon sakandare, ita kuwa lokacin ta fara famfara, bakinta duk giɓi.

Ni ce ’yar fari, kuma Baba mutumin ƙauye ne da bai yar da komai nasa a hanyar birni ba. A garinsu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi, ba a ma yi masa doguwar magana. Kara ce, in ji su. Sunana Bilkisu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. "Waccan" nake. Ina tsaye a gabansa zai ce, "A ce wa waccan ta kawo buta," sai Inna ko Ummi su maimaita min, kamar daga wata unguwa aka aiko. Inna ma tana tata karar, sai dai ita aiki ya haɗa mu dole, takan ce min "ke", wani lokacin har ta manta ta yi dariya da ni. Bisa al'ada kakata ta wajen uba ce za ta ɗauke ni ta shagwaɓa ni in huce a wajenta. To ina rarrafe Allah ya karɓi abarsa. Da aka haifi ƙanwata sai aka sa mata sunan marigayiyar. Shi ke nan ta haɗa biyu, ga sunan kakar da ya kamata ta zama tawa, ga cinyar uba. "Uwata" yake ce mata. Uwata ta tashi lafiya, Uwata me kika ci, Uwata zo ki taka min baya. Yarinya majina shaɓe-shaɓe, wai ita ce uwarsa.

Masaƙar da Baba yake aiki ta sallame su tun kafin azumin da ya gabata, aka ce kaya ba sa tafiya. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati mazan layinmu suka kewaye rediyo a gindin dalbejiyar ƙofar gida, kowa yana faɗin tasa. Wannan ya ce za a buɗe masaƙu, wancan ya ce kananzir zai wadata har a rasa mai saye. Baba ya shigo da fara'arsa ya sa Inna ta wanke masa rigar aikinsa ta goge, aka rataye ta a ƙusar bayan ƙofa. Nan ta zauna har gizo-gizo ya yi saƙa a aljihunta.

Kafin nan wani Alhaji da suke sallah masallaci ɗaya ya ba shi aron fili a Tarauni. Ya fara kewaye shi da bulo ƙarfinsa ya ƙare, ya ce Baba ya noma kafin Allah ya hore masa. Lokacin Tarauni cike take da irin kangayen nan, kana tafiya gero yana leƙo ka ta kan katanga. Yanzu wurin duk benaye ne da shaguna, mai adaidaita ma da ƙyar yake samun inda zai juya.

Bazarar shekarar ta gasa mu. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, ƙurajen zafi suka feso wa kowa a wuya da gadon baya, kwanon ɗaki yana ƙara da rana tsaka kamar ana jifansa. A cikin wannan zafin muka yi sharar gona. Da sassafe za mu fito, Baba a gaba da fartanya a kafaɗa ɗaya, Ummi a ɗaya kafaɗar ta riƙe masa kunne, ni a baya da jarkar ruwa a ka. Mu tsallaka titi, mu ratsa ta bayan kasuwa, mu isa. Muka tsince leda da fasassun kwalabe, muka tara ƙaya muka ƙone. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas muna can. Iska ta taso da yayi, gari ya yi baƙi, sai ga ɗigo manya-manya masu zafi, ƙasa ta ɗauki ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Baba ya ɗaga Ummi sama yana juyi da ita a cikin ruwan. Ni na tattara kwanuka.

Aka yi shuka, gero da wake, kuɓewa a gefe, rama da yakuwa a bakin katanga. Aka yi noman farko. Da ruwa ya kama sosai Baba ya yi huɗa aka dasa dankali, sannan ya yanka wa kowa gayaunarsa kamar yadda ake yi a garinsu, ɗan abin da mutum zai ce nasa ne shi kaɗai.

"Wannan layin na Uwata ne," ya ce. "Na ƙarshen can a bar wa waccan."

Na Ummi yana bakin shiga, ƙarƙashin inuwar bishiyar maƙwabta, kuma shi yake nome mata. Noman Ummi bai wuce ta kifa malafarsa a ka tana bin fara ba. Nawa yana jikin katanga inda magina suka bar ɓaraguzan bulo. Sai da tafin hannuna ya yi kanta kafin in tsince su. Na kuma rantse a raina sai layina ya fi nata kyau, ya kuwa fi, sai dai ba wanda ya ce komai.

Tsakiyar damina ita ce ta fi wuya. Gero ya yi ciki bai nuna ba, na kasuwa kuma ya fi ƙarfinmu. Da safe koko tsararo ba sukari. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, ƙuli-ƙulin ma sai an lalube shi. Da yamma tuwon masara da miyar kuka, malmala ƙanana. Kananzir ya ɓace, muka koma murhun garin katako, shi kuma in aka kwana biyu ana ruwa sai ya yi danshi, hayaki kawai yake yi. Ɗaki yana yoyo muna tara robobi, kaya ba sa bushewa sai warin danshi, tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari ya dame yana ƙaiƙayi. Yunwar ba irin mai kayar da mutum ba ce, irin mai bin ka ce duk inda ka sa ƙafa, kana ruku'u kana jin cikinka yana ƙugi. Duk da haka kullum sai Baba ya rage loma biyu a gindin kwanonsa, ya ce, "Uwata, zo ki suɗe." Ta suɗe tas tana lashe yatsu, ni kuma in wanke kwanon.

Maman Ngozi ce takan leƙo in ta ga Inna ta shiga ɗaki. "Bilikisu, zo karɓa," ta zuba min garin kwaki a gefen zane. Ita kaɗai ce a gidan nan take kiran sunana, ko da ta karkata shi. Wani lokacin sai in yi kamar ban ji ba don ta sake kira.

Baba ya daina zama gindin dalbejiya. Rediyon ma ya daina kunnawa. Daga gona sai tabarma, ya jingina da bango ya yi shiru. Ko Ummi sai ta yi da gaske kafin ta samo murmushinsa.

Wata safiya cikin dogon hutu ina cirar ciyawa a layina sai na ga ganyen dankali ya yi huji-huji, ga wasu ’yan baƙaƙen ƙwayoyi a ƙasa. Na juya ganyen. Ga wata ’yar tsutsa maƙale a bayansa, koriya shar, tsawonta bai wuce tsinken ashana ba, da ɗan ƙaho guda a tsaye a ƙarshen bayanta. Da na taɓa ganyen sai ta ɗaga kai da ƙirji ta ƙame, ko motsi. A ƙa'idar gona murƙushe ta ya kamata in yi. Amma na sha jin Baba yana ba Ummi labarin ƙwarin da suke kamawa suna yara a wajen kiwo, kuma na san rabonsa da dariya an daɗe. Na tsinko ganyen a hankali, na taka har bayansa inda yake duƙe yana maimai, na tsaya.

Ya ga inuwata. Bai ɗago ba.

"Uwata, tambayi waccan me take so."

Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Ummi ta zo ta tsaya a gabana tana kallon hannuna, sai na miƙa mata ganyen. Ta kai masa a ɗosane tana ware yatsu don tsoro.

Baba ya yar da fartanya. Ya karɓi ganyen ya ɗaga shi saitin rana, sai ya fashe da dariyar da na daɗe ban ji ba.

"Uwata, ina kika samo mana rago? Har da ƙahonsa. Ashe dai bana ma za mu yi layya."

Na zuba wa Ummi ido ina jira ta ce Yaya ce ta tsinto. Ta dube ni, ta dube shi, ta washe giɓinta. Daga ranar sunan tsutsar nan Ragon Ummi.

Maman Ngozi ta ba da babban gwangwanin madara, Baba ya huda murfin da ƙusa, aka ajiye shi a rumfa kusa da randa. To rago sai da harawa. Kullum tana son sabon ganye, kuma ba ta cin komai sai na dankali.

"A ce wa waccan in za ta dawo ta taho da ganye."

Daga layin wa za a tsinko? Ai ba a taɓa na Uwata. Ni nake tsinkowa daga nawa, ni nake zazzage kashin da ta tara, ni nake goge gwangwanin in ya yi gumi. Mai ragon ko da tsinke ba ta yarda ta taɓa shi.

Ci take yi ba dare ba rana. In gida ya yi tsit har ƙarar cinta ake ji, ƙus-ƙus-ƙus, tana bin gefen ganye tana zagayowa har sai jijiya ta rage. Sai rana ɗaya ta daina, ta maƙale wuri guda ta ƙame. Ummi ta sa kuka wai ragonta ba shi da lafiya. Baba ya ce a bar shi, riga zai sake. Kashegari kuwa fatar ta tsage daga wuya, ta dinga muskutawa tana ture ta baya kamar mai cire safa, ta fito sabuwa, launinta ya ƙara haske. Ta huta kaɗan, ta juya ta cinye tsohuwar fatar.

"Kin gani ko, Uwata? Ragonki ya yi sabuwar riga. Mu kuwa ta bara muke ciki."

Haka ta yi ta yi, ta ci, ta tsaya, ta sake riga. Wasu zane-zane suka fito mata a karkace a gefe da gefe, da ɗige-ɗige jere kamar maɓallai. Ƙahon ya yi kauri ya lanƙwasa. Kafin gero ya fara fitar da kai ta kai tsawon babban yatsan Baba na tsakiya, ta fi shi kauri. Mu muna ramewa ita tana sheƙi. A gidan nan kaf ita kaɗai take ƙoshi, kuma da gumina.

Kullum bayan la'asar Baba zai baje a tabarma, Ummi ta yi ɗare-ɗare a cinyarsa, gwangwani a gabansu. Ya ɗora tsutsar a bayan hannunsa tana tafiya, Ummi tana ƙyalƙyala dariya tana ɓoye fuska a rigarsa. Ni ina bakin murhu ina fifita. Hayaƙin ya yi min rana, don ba mai tambayar abin da ya sa idona yake ruwa. Na samu abin da na nema, Baba ya dawo yana dariya, amma ko ɗigo ɗaya na dariyar bai faɗo inda nake ba.

Akwai wata jar kaza ta Maman Ngozi mai shegen naci, kullum tana zagaya rumfar tana karkata kai. Wallahi na sha yi mata addu'ar sa'a. Sai ga shi wata rana Ummi ta bar murfin a buɗe ta tafi wasa, kazar ta ɗare bakin gwangwani ta miƙa wuya. Ban san lokacin da muciya ta bar hannuna ba. Kaza ta tashi da kuka, Inna ta fito tana faɗa na zubar da tuwo a ƙasa. Na rufe gwangwanin. Tawa ce ai, ko da ba wanda ya sani.

Ranar na kasa haƙuri. Muna tsince wake ni da Inna na ce, "Inna, ni fa na tsinto ta."

"To sai aka yi yaya? A kira miki maroƙa?"

"Ki faɗa masa."

Ta ajiye faifan ta dube ni. "Ke ba ki da ta-ido? Ubanki ne zai zauna yana yabonki mutane suna ji? Shi ma ɗan fari ne, har nasa uban ya koma ga Allah bai kira sunansa ba. Ba ƙi ba ne."

"To mene ne?"

"Tashi ki duba tukunya."

Na tashi ina zumɓura baki. In ba ƙi ba ne, a raina na ce, to ni a ba ni irin na Ummi, ita a ba ta wannan ta ɗanɗana.

Farar hula dai ba su buɗe masaƙa ba, amma sun buɗa wa Alhaji mai fili. Mutanensa ne suka ci zaɓe, ya samu aikin kwangila, ginin da ya tsaya ya tashi. Ya zo har gida da kansa yana ba Baba haƙuri, ya ce magina sun matsa, a yi ƙoƙari a kwashe abin da za a iya kwashewa. Baba ya ce ba komai, ai dama aro ne, har ya raka shi bakin titi. Da ya dawo ya shiga ɗaki, ya sauke rigar nan daga ƙusa, ya karkaɗe ta, ya ninke ya sa a ƙasan akwati.

Muka yanke gero bai gama ƙosawa ba. Muka tone dankali ƙanana kamar yatsun yara, wasu ma jijiya ce kawai. Muna cikin tonon tifa ta shigo da baya ta juye yashi a kan layin Ummi. Ba zan ɓoye ba, wannan kam ya yi min daɗi, sai da ta dawo ta juye na biyu a kan nawa. Cikin kwanakin wani abokin aikin Baba na masaƙa ya aiko cewa akwai aikin gadi a Legas, in yana so ya biyo motar shanu. Baba ya ce yana so.

Kamar tsutsar ta san gona ta ƙare, ita ma ta daina ci. Wannan karon ba ƙamewa ta yi ba. Bayanta ya rine ya koma ruwan ƙasa, jikinta ya yi wani maiƙo, ta kama zagaya gwangwani ba tsayawa, ta hau ta faɗo, ta hau ta faɗo. Ummi ta leƙa ta toshe hanci ta ce ragon ya yi muni, ita ba ta so. Inna ta ce a kai bola kafin ya yi wari. Baba kuwa hankalinsa yana kan tafiya, ya daina zaman tabarma, kullum yana wajen masu motar.

Ni na tsuguna ina kallonta. Na lura duk zagayen da za ta yi sai ta kafa kai a gindin gwangwanin tana turawa, kamar mai neman hanya ta ƙasa. Na ɗauki leda na tafi Tarauni ni kaɗai. Magina suna ta kwaɓa siminti, na zagaya jikin katanga inda yashi bai kai ba, na ɗebo ƙasar layina mai laushi. Na dawo na fito da tsutsar, na cika gwangwanin fiye da rabi, na mayar da ita a kai. Ko zagaye ɗaya ba ta ƙara ba. Ta kafa kai, ta dinga kutsawa tana muskutawa, ƙasa tana tasowa a gefenta, har ya rage ƙahon kaɗai a waje, shi ma ya shige. Tsakar gidan ba kowa sai ni da kazar nan. Na ƙi faɗa wa kowa. Sun sha dariyarsu su biyu, wannan kuma ni kaɗai na gani, kuma ba zan raba da su ba.

Da Ummi ta tarar da ƙasa a gwangwani ta ɗauka binne shi aka yi. Ta yi ɗan kukanta, Baba ya sayo mata rake, magana ta wuce. Ni kuwa ina tura gwangwanin bayan randa, in na ga ƙasar ta bushe in yayyafa mata ruwa da yatsu.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, jakarsa tana ɗaure a bakin ƙofa, Baba ya je shan ruwa sai ƙafarsa ta taɓa gwangwanin. Ya ɗauka ya ji nauyi. Ya buɗe.

"Wa ya zuba ƙasa a nan?"

"Ba ni ba ce," in ji Ummi.

Ina bakin murhu, na ƙara ƙarfin fifita.

Ya shimfiɗa tabarma ya zauna, Ummi ta haye wurin zamanta. Ya karkata gwangwanin a kan faifai yana zazzagewa a hankali, har wani dunƙule ya gangaro. Ya ɓare shi da babban yatsa. Cikinsa rami ne sumul kamar cikin ƙwai, a ciki kuma ga wani abu kwance, ja-ja mai duhu, yana ƙyalli kamar dabino, da wani siririn hannu a lanƙwashe a kansa irin na buta. A gefensa ga tsohuwar rigar a yamutse, da ƙahon a jiki.

Ummi ta ja baya. "Baba, ya mutu?"

"Bai mutu ba, Uwata. Lalle ya shiga. Nan gaba zai fasa wannan ɓawon ya fito da fukafukai, ƙaton faɗa-wuta, irin masu zuwa shan fure da magariba. Wannan hannun da kike gani bakinsa ne a ciki." Ya juya shi a tafin hannunsa. "Da bai samu ƙasa ba da a gwangwani zai bushe."

Ya riƙe shi ta wajen kai da yatsu biyu, tsinin bayan yana sama. Ya ce suna yara in sun tono irinsa a gona tambayarsa suke yi.

"Kai rago, ina gabas?"

Sai tsinin ya motsa, ya karkata nan, ya karkata can. Ummi ta saki ihun murna, tsoro ya tafi. Ta tambaye shi ina kasuwa, ya nuna. Ta tambaye shi ina Legas, ya nuna. Har Maman Ngozi ta fito tana dariya tana tafa hannu. Ni ko kallonsu ban yi ba, na cika na yi fam, ina cewa a raina har wannan ma nata ne.

Sai na ji muryar Baba ta sauka.

"To kai rago, yau ka faɗa mana gaskiya. Wa ya tsinto ka? Wa ya ciyar da kai har ka yi wannan ƙibar? Wa ya yi maka shimfiɗa?"

Na ɗago. Tsinin yana ta karkata hagu da dama yadda ya saba. Amma hannun Baba yana juyawa a hankali, a hankali, har ya tsaya saitin murhu. Idonsa yana kan abin da ke hannunsa, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.

"Baba, kai ka juya hannunka," in ji Ummi.

"Ni? Shi dai ya san mai shi."

Inna ta tashi ta shige ɗaki tana gyaran murya. Baba ya mayar da ƙasar, ya yi ɗan rami da yatsa ya kwantar da shi, ya rufe sama-sama. Ya miƙa hannu ya ajiye gwangwanin nesa da tabarma, ta ɓangaren da nake.

"A ce wa waccan kar ta cika masa ruwa. Ta kuma bar murfin a buɗe."

Za a ɗauka daɗi na ji. Na ji, ba zan yi ƙarya ba, har sai da mafici ya faɗi daga hannuna. Amma kafin daɗin ya gama sauka haushi ya biyo shi. Ashe ya sani. Tun ranar da ya ga inuwata ya sani, ya ga ganyen layina yana ƙarewa, ya ga komai. Kuma a lokacin da yake faɗar maganar ma, Ummi ce a cinyarsa tana wasa da maɓallin rigarsa.

Kashegari ya tafi. Daga nan zuwansa sai sallah-sallah, kwana kaɗan ya koma, har ciwon da ya dawo da shi gaba ɗaya. Allah ya ji ƙansa. Har ya rasu bai kira sunana ba. Faɗa-wutar ma ban ga fitarta ba. Wata safiya na tarar da ɓawon a saman ƙasa a tsage, ba komai a ciki.

Ran Asabar ɗin nan, da Amira da ubanta suka gama ɗaukar tsutsar hoto suka koma falo, na samo robar fenti na zuba ƙasa, na tsinko ganye na sa ta a ciki. Sannan na kira Ummi. Tana Kaduna yanzu da ’ya’yanta huɗu.

"Ummi, kin tuna ragonki?"

"Wane rago kuma, Yaya?"

"Tsutsar nan ta gwangwanin madara. Shekarar da Baba ya tafi Legas."

Ta yi dariya. "Kai, Yaya, ke dai akwai riƙe abu. Wallahi ban tuna ba. Ni dai na san yana ɗora ni a kafaɗa in za mu gona. Tsutsa kuma? Bari in kira ki anjima, ina da tukunya a wuta."

Ta manta. An ba ta da yawa har tana zubarwa a hanya ba ta sani ba. Ni juyin hannu ɗaya aka yi min, shi nake ta lallaɓawa har na fara furfura. Na ajiye wayar ina jin haushinta sabo fil, kamar yanzu na miƙa mata ganyen.

Amira ta fito ta same ni tsugune a gaban robar.

"Momi, Abba ya ce in tambaye ki, wane suna za mu sa mata?"

Na jawo robar kusa da ƙafata.

"Ki ce masa ba ruwanku. Wannan tawa ce."